Gano Gurɓatacciyar Hujja a Tambayar Jarrabawa: Darasi daga Muhawarar "Halatta" Miyagun Ƙwayoyi

Tsakure

Wannan muƙala darasi ce a kan yadda ɗalibi zai gano gurɓatacciyar hujja idan ta zo masa cikin tambayar jarrabawa, musamman idan batun ya taɓa addini da tarbiyya. An gina tambayar gwaji guda a kan muhawarar halatta miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, aka sanya ta a bakin wani mai jawabi a Nasarawan Doya ta Ƙaramar Hukumar Maƙarfi, sannan aka warware ta da ma'aunin ilimin manɗiƙi. Nazarin ya nuna cewa babban tarkon yana cikin kalmar "halatta", wadda Hausa ke ɗora wa ma'anoni da dama, kuma ɗalibin da ya amsa da ra'ayinsa game da ƙwaya, ko da ra'ayin nan daidai ne, ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Fitilun kalmomi: manɗiƙi, muƙaddima, natija, ƙiyasi, halatta, miyagun ƙwayoyi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da ɗalibai ke haɗuwa da su a darasin falsafa da manɗiƙi na jami'a, da kuma jarrabawar tantance masu neman aiki, akwai wani nau'i da hadda ba ta amfani a cikinsa. Akan kawo gajeren zance wanda wani ya kafa hujja a ciki, sai a nemi ɗalibi ya nuna inda hujjar ta yi rauni. Irin wannan tambaya ba ta da wuya idan batunta farashin taki ne ko yawan ruwan sama. Wahalarta takan bayyana ne idan aka ɗauko batun da mutum ya riga ya yanke wa hukunci tun daga gida. Ɗalibin da ya tashi a Nasarawan Doya ko Ikara ko Hunƙuyi ba ya buƙatar littafi ya gaya masa illar ƙwaya. Ya ji a huɗubar Juma'a, ya ji a bakin iyaye, mai yiwuwa kuma ya ga wanda ta lalata. Da zarar ya ga kalmar "halatta" kusa da kalmar "ƙwaya", zuciyarsa takan riga idonsa zaɓen amsa.

Auna hujja ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a fannin manɗiƙi, har ya yi musayar baitoci da Jalaluddin as-Suyuɗi na Masar yana kare karanta shi. Littafin Sullam na Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda ake karantawa a zaurukan ilimi, ya keɓe babi a ƙarshensa ga kurakuran hujja. Ya raba su gida biyu, kuskure a kayan ginin hujja da kuskure a siffarta, kuma abin da ya fara ambata shi ne kalma mai ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Wannan kuskure na farko shi ne ƙashin bayan tambayar da za a nazarta.

2.0 Tambayar Gwaji

Taron da mai jawabin da ke cikin tambayar ƙirƙirarru ne domin darasi, amma shekaru da alƙaluman da aka sanya a bakinsa na gaskiya ne.

A wani taron matasa a Nasarawan Doya, wani mai jawabi ya ce: "Tun shekarar 1989 da aka kafa hukumar NDLEA ake kamen masu shaye-shaye, amma binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. Ƙasar Fotugal kuwa ta daina ɗaure masu shan ƙwaya a 2001, sai sababbin masu kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allura suka ragu ƙwarai. Saboda haka, idan Nijeriya ta halatta sayar da ƙwayoyi da shan su, shaye-shaye zai ragu a garuruwanmu."

Wanne ne daga cikin waɗannan ya fi bayyana raunin hujjar mai jawabin?

A. Yana goyon bayan abin da addini da al'ada suka haramta.
B. Bai faɗi inda ya samo alƙalumansa ba.
C. Ya kafa hujja da wani mataki da wani sakamako, sannan ya yanke hukunci a kan wani mataki dabam da wani sakamako dabam.
D. Wataƙila shi kansa mashayi ne da ke neman mafita.
E. Ya ɗauka cewa sauya doka ita kaɗai ce ta rage cutar a Fotugal.

3.0 Warware Zancen

Matakin farko shi ne a raba abin da mai magana yake so a yarda da shi daga abin da ya jingina da shi. Malaman manɗiƙi suna kiran na farko natija, na biyu kuma muƙaddima. A Hausa natija takan biyo bayan kalmomi irin su "saboda haka" da "don haka" da "ashe", ko ta rufe da "ke nan". Muƙaddima kuwa takan zo da "domin" ko "tun da" ko "ganin cewa", wani lokaci kuma ba ta zuwa da wata alama. A wannan zance natija ita ce jimlar ƙarshe, jimloli biyun da suka gabace ta kuma su ne muƙaddimomi.

Mataki na biyu shi ne abin da za a iya kira gwajin sallamawa. Ɗalibi zai sallama wa mai jawabi duk muƙaddimominsa na ɗan lokaci, ya ce ya yarda an kafa hukumar a 1989, ya yarda da miliyan 14.3, ya yarda da labarin Fotugal, sannan ya tambayi kansa ko waɗannan sun tilasta masa karɓar natijar. Idan yana iya karɓar muƙaddimomin duka ya ƙi natijar ba tare da ya saɓa wa kansa ba, to akwai giɓi, kuma neman wannan giɓin shi ne aikin da aka ba shi.

Idan aka ajiye muƙaddima ta biyu kusa da natija, za a ga kowace tana ɗauke da abu uku: mataki, sakamako da wuri. A muƙaddimar, matakin shi ne daina ɗaure mai sha, sakamakon shi ne raguwar cuta, wurin kuma Fotugal. A natijar, matakin shi ne halatta sayarwa da sha, sakamakon shi ne raguwar shaye-shaye, wurin kuma garuruwan arewacin Kaduna. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da ya dace da takwaransa. Amsar ita ce C.

3.1 Kalma Ɗaya, Ma'anoni da Dama

Dalilin da ya sa wannan sauyi yake wucewa ba a lura ba shi ne yadda Hausar kafafen yaɗa labarai ke amfani da kalmar "halatta". Asalin kalmar daga Larabci take, kuma gidanta na farko shi ne fiƙihu, inda halal ke kishiyantar haram. Da aka buƙaci fassara labaran majalisu, sai aka ɗora mata nauyin duk wani sassauci da doka ta yi. A haka kalma guda ta zama tana rufe matakai waɗanda ba su da kama da juna.

Akwai cire hukuncin laifi daga kan mai sha, wanda shi ne abin da Fotugal ta yi. Dokarta da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2001 ba ta ce ƙwaya ta zama abin sayarwa a kanti ba. Wanda aka samu da abin da bai wuce shan kwana goma ba, akan karɓe ƙwayar, a tura shi gaban wani kwamiti da ya ƙunshi masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a, su kuma su tura shi magani, ko su ci shi tara, ko su dakatar da batun. Dillali kuwa har gobe kurkuku yake zuwa. Akwai kuma ba da lasisin noma wiwi domin magani ko masana'antu, kamar yadda Lesoto ta fara a 2017, Maroko ta bi a 2021. Akwai abin da Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta yanke a Satumba 2018, cewa babba zai iya noma wiwi ya sha a keɓe, ba tare da an buɗe cinikinta ba. Sannan akwai buɗe kasuwa ƙarƙashin kulawar gwamnati, wanda Yurugwai ta zartar a 2013, Kanada ta fara ranar 17 ga Oktoba, 2018, kuma dukkansu a kan wiwi kaɗai, ban da hodar ibilis da hirowin. Mai sauraron rediyo a Maƙarfi yana iya jin kowanne daga cikin waɗannan labarai da jimla iri ɗaya: ƙasa kaza ta halatta.

Muhawarar Nijeriya ma ta faɗa cikin wannan ruɗani. A watan Mayu 2019 gwamnan Jihar Ondo na lokacin, Rotimi Akeredolu, ya ziyarci Tailan, ya dawo yana kira da a ba da damar noma wiwi domin magani ƙarƙashin sa idon NDLEA. Ƙudurin da ya zo zauren Majalisar Wakilai a watan Maris 2023, wanda Benjamin Kalu da Miriam Onuoha suke cikin masu ɗaukar nauyinsa, shi ma a kan lasisin noma da sarrafawa domin magani da bincike ne, kuma an jingine shi bayan 'yan majalisa sun nuna adawa. Shugaban NDLEA, Muhammad Buba Marwa, wanda ya kama aiki a Janairu 2021, ya sha bayyana adawarsa da irin wannan yunƙuri. Ko mutum yana tare da Akeredolu ko yana tare da Marwa, abin da aka yi jayayya a kai shi ne lasisi, ba ajiye wiwi a teburin mai shayi ba. Mai jawabin da ke cikin tambayar ya tsallake duk waɗannan matakai, ya ɗauko shaidar mataki mafi ƙanƙanta ya kafa mafi girma da ita.

Ma'anar fiƙihu ta kalmar ita ke jawo ɗalibi zuwa zaɓin A. Amma mutumin Kaduna ya riga ya san bambancin da ke tsakanin abin da doka ta ƙyale da abin da shari'a ta halatta, ko da bai taɓa furta shi ba. Dokar tarayya ba ta hana sayar da giya ba, gwamnati ma tana karɓar haraji a kanta, amma babu malamin da ya ce ta zama halal saboda haka. Zaɓin A yana iya zama gaskiya a kan kansa, kuma hujja ce mai nauyi a majalisar da ake tattauna ko ya dace a yi ko bai dace ba. Sai dai mai jawabin bai ce abin ya dace a addini ba. Cewa ya yi shaye-shaye zai ragu, wannan kuwa da'awa ce game da abin da zai faru, kuma da irin ma'auninta ake auna ta. Wanda ya zaɓi A ya ƙi natijar, amma bai nuna inda ginin ya tsage ba.

Kalmar "ƙwaya" ita ma tana da irin wannan faɗi. A bakin jama'a ta haɗa wiwi da hodar ibilis, waɗanda doka ta hana, da tiramadol da kodin, waɗanda magunguna ne na asibiti, da sholisho da fetur, waɗanda ake sayarwa a fili domin wani amfani dabam, har da zaƙami da ke fitowa a juji ba mai shuka shi. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramadol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 bisa takardar likita, amma wadda ake kamawa a tashoshin jiragen ruwa takan kai 200 ko 225. Wanda ya ce a halatta ƙwaya bai faɗi wacce ba, kuma wasu daga cikin waɗanda suka fi ɓarna a Arewa ba haramtattu ba ne tun asali. A da, maganin tari mai kodin yana da rajista, kamfanoni masu lasisi ke yin sa, amma shan sa ya yawaita har gwamnatin tarayya ta dakatar da shigo da sinadarin domin haɗa maganin tari ranar 1 ga Mayu, 2018, kwana guda bayan BBC ta fitar da rahoton bincikenta a kai. Wannan misali na gida bai tabbatar da cewa haramci yana magance shaye-shaye ba, amma ya isa ya nuna cewa kasancewar abu a kan doka ba ta rage shan sa da kanta.

3.2 Sauyin Sakamako da Sauyin Wuri

Raguwar cuta da raguwar shaye-shaye abubuwa biyu ne. Mutum dubu suna iya ci gaba da yi wa kansu allura, amma idan kowa ya samu sabuwar allura ya daina karɓar ta abokinsa, ƙanjamau zai ragu alhali adadin masu sha yana nan. A Fotugal sababbin masu kamuwa ta wannan hanya sun sauko daga sama da dubu a 2001 zuwa ƙasa da ɗari bayan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Nasara ce babba, amma nasara ce a kan cuta. Mai jawabin ya yi awo da mudun gero, ya kawo sakamakon a matsayin na dawa.

Sauyin wuri kuwa ƙiyasi ne, kuma sharaɗin ƙiyasi shi ne asali da reshe su haɗu a illar hukunci. Idan akwai bambanci a daidai wurin da hukuncin ya rataya, malaman usulu kan ce ƙiyasi ne tare da bambanci, Bahaushe kuma ya ce kama da wane ba ta wane. Matsalar Fotugal a ƙarshen shekarun 1990 ta hirowin ce da allura, a ƙasa mai mutum kusan miliyan goma da tsarin lafiya na gwamnati da ya game ƙasar. Binciken Nijeriya kuwa ya nuna cewa cikin miliyan 14.3 ɗin nan, miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari, masu allura kuma kimanin dubu 80 ne. Jimillar ta haura adadin farko domin mutum ɗaya yakan sha fiye da abu ɗaya. Tsarin Fotugal ya dogara ne da samun wurin da za a tura mutum bayan kwamiti ya gan shi. Iyalin da ɗansu ya kamu a ƙauyukan Maƙarfi ko Kudan, idan suna neman likitan ƙwaƙwalwa, hanyarsu takan miƙe ne zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Dokar hana taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma duk mai shiga kasuwa ya san yadda ake cika wannan doka. Mai jawabin ya ɗauka, ba tare da ya faɗa ba, cewa hukumomin da za su kula da kasuwar ƙwaya za su fi na sigari ƙarfi. Irin wannan muƙaddima da ba a furta ba ita ce mafi yawan lokuta take ɗauke da nauyin hujja.

3.3 Muƙaddima ta Farko

Jimlar farko tana da nata rauni, ko da yake ba a sanya shi cikin zaɓuɓɓuka ba. Tana nuni da cewa tun da har yanzu ana sha, to hanin bai yi amfani ba. Kafin a yarda da haka sai an san yawan masu sha kafin hanin, ko yawan da za a samu da babu shi. Binciken 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da cibiyar CRISA suka gudanar da taimakon ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fitar da shi a Janairu 2019, shi ne irinsa na farko da ya game ƙasar. Ke nan adadi ne guda ba shi da abokin gwami daga 1989, kuma adadi guda ba ya nuna hawa ko sauka. Ana hukunta ɓarayi tun fil azal, sata kuma ba ta ƙare ba, amma ba a taɓa jin mai hankali ya kafa hujja da haka cewa a daina hukuncin sata ba.

Hanin ma bai fara a 1989 ba. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma wiwi, kuma a Afrilu 1985 an harbe mutum uku a Legas bisa doka ta 20 ta 1984 saboda safarar ƙwaya. Abin lura kuma shi ne miliyan 14.3 adadi ne na ƙasa baki ɗaya, na masu shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da wani abu ko sau ɗaya ne a shekarar da ta gabata. Binciken ya sanya Arewa maso Yamma a kashi 12 cikin ɗari, Kudu maso Yamma a kashi 22.4. Jawo adadin ƙasa a yi hukunci da shi a kan gari ɗaya kuskure ne na dabam.

3.4 Sauran Zaɓuɓɓuka

Zaɓin D sukar mutum ce a maimakon sukar magana. Ko mai jawabin mashayi ne ko limami, jimlolinsa uku suna nan yadda suke. Zaɓin B ya fi shi kama da ilimi, shi ya sa yakan ruɗi ɗalibi mai ƙoƙari, amma gwajin sallamawa ya riga ya kawar da shi: a kawo wa mai jawabin rahoton da lambar shafi, giɓin yana nan.

Zaɓin E ne abokin hamayya na gaske, domin kuskuren da ya ambata yana cikin zancen. Abin da ya biyo bayan wani abu ba lallai ne shi ya haife shi ba. Fotugal ta fara shirin musayar allura tun 1993, shekara takwas kafin dokar, kuma ta faɗaɗa bayar da maganin metadon da cibiyoyin jinya a daidai lokacin da ta sauya hukunci. Raba tasirin dokar daga tasirin waɗannan ba ƙaramin aiki ba ne. To me ya sa C ta fi E? A sallama wa mai jawabin cewa dokar ita kaɗai ta rage cutar: har yanzu bai ce komai ba game da sayarwa, bai ce komai ba game da yawan masu sha. A gyara masa kuma kuskuren C, a mai da natijarsa a kan hukuncin mai sha da yaɗuwar cuta: hujjar za ta zama mai rauni saboda E, amma aƙalla tana kan batunta. Kuskuren E yana rage wa shaida ƙarfi, kuskuren C kuwa yana raba ta da natija gaba ɗaya. Kalmar "ya fi" da ke cikin tambayar ita ke yanke hukunci, kuma ɗalibai da yawa ba sa karanta ta. Duk da haka, idan jarrabawar ta rubutu ce ba ta zaɓi ba, adalci shi ne wanda ya kawo E da bayani ya samu rabon maki.

4.0 Juya Tambayar

Ɗalibin da ya ci wannan tambaya ba a tabbatar ya iya ba tukuna, domin natijar da aka ba shi ya rusa daman ba ya son ta. Gwaji na gaskiya shi ne a ba shi natijar da yake so, a ginin da ya gurɓace. Alal misali, wani mai jawabi na biyu ya tashi a taron ya ce: "Duk wanda aka kwantar saboda hodar ibilis da wiwi ya fara. Jihar Oregon ta Amurka kuma ta sassauta doka a 2021, mace-mace suka ƙaru, har ta janye a 2024. Saboda haka duk mai shan wiwi zai kai ga hodar ibilis, kuma kowane irin sassauci kisa ne."

Jimlar farko, ko an sallama ta, ba ta juyuwa. Ƙa'idar manɗiƙi ita ce jimla mai gamewa idan aka juya ta takan koma mai keɓancewa: daga "duk A, B ne" abin da ake samu shi ne "wasu B, A ne". Manomin rake a Maƙarfi ya san wannan ba tare da ya karanta Sullam ba. Duk mazarƙwaila daga rake take, amma ba duk rake ne ke zama mazarƙwaila ba, domin mafi yawansa a mota ake loda shi a kai birane a sha. Labarin Oregon kuwa gaskiya ne ta fuskar shekaru: masu zaɓe sun amince da matakin a Nuwamba 2020, ya fara aiki a Fabrairu 2021, majalisar jihar ta dawo da hukuncin laifi daga Satumba 2024. Amma a daidai waɗannan shekaru ne ƙwayar fentanil ta mamaye yammacin Amurka, mace-mace suka ƙaru har a jihohin maƙwabta da ba su sauya dokarsu ba. Kuskuren da aka kama mai jawabi na farko da shi a zaɓin E, shi ne na biyu ya maimaita. Haka kuma "kowane irin sassauci" ya sake cusa matakai mabambanta cikin buhu ɗaya. Malamin da ya ba da tambaya ta farko ya bar ta biyu ya koyar da ƙin ra'ayi ne kawai, kuma sakamakon ajinsa ba zai bambance masa wanda ya gane da wanda ya yi sa'a ba.

5.0 Gyaran Hujja da Gyaran Tambaya

Muƙaddimomin mai jawabi na farko ba banza ba ne, kaya aka ɗora musu fiye da ƙarfinsu. Natijar da za su iya ɗauka ita ce kamar haka: kame shi kaɗai bai kawar da shaye-shaye a Nijeriya ba, kuma a ƙasa guda an ga cewa tura mai sha wurin magani a maimakon kurkuku, tare da faɗaɗa jinya, ya zo tare da raguwar wata cuta, don haka ya cancanci a bincika ko wani ɓangare na wannan zai yi amfani a nan. Wannan jimla ba za ta sa a yi tafi a taro ba, amma babu zaɓi cikin biyar ɗin da zai kayar da ita. Neman ɗalibi ya rubuta irin wannan gyararriyar natija aiki ne da ya fi zaɓen harafi nuna fahimtarsa, kuma ana iya yin sa cikin layi uku.

Akwai kuma nauyi a kan mai tsara tambaya da Hausa. Idan manufarsa ita ce ya gwada ko ɗalibi zai lura da sauyin ma'ana, to ya bar "halatta" a bakin mai jawabi kamar yadda aka yi a nan, amma a cikin zaɓuɓɓuka da umarnin tambaya ya yi amfani da lafuzzan da ba su da harshen damo: "cire hukuncin ɗauri", "ba da lasisin noma domin magani", "buɗe ciniki ƙarƙashin doka". Idan ya bar kalmar ta shiga umarnin tambayar, kamar a ce "kawo raunin hujjar masu son halatta ƙwaya", ya riga ya nuna wa ɗalibi ɓangaren da ake so ya tsaya, kuma takardun da zai karɓa huɗubobi ne. Yana da kyau kuma a rubuta a saman takarda cewa ana ɗaukar bayanan da ke cikin zancen a matsayin gaskiya, kuma ba ra'ayin ɗalibi game da batun ake tambaya ba. Jimlar nan guda takan cire zaɓin A da B daga zuciyar ɗalibi mai natsuwa, ta bar shi da C da E, inda ainihin aikin yake.